Igiya a Hannun Nomau

Tun da na dawo daga arewa ban samu na ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya biyo ta rumfata a kasuwar Tawa sai ya tsaya, ya dafa keken ɗinki, ya ce, "Illa, wai da gaske ne ka shiga rijiya?" Wani ko gaisuwa ba ya yi, tumbina yake kallo yana dariya. To, na gaji da maimaitawa. Ga labarin nan tun daga tushe, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, ku bar ni in yi aikin mutane.

Nomau taubashina ne, ɗan gwaggota Hajo. Tare munka tashi, tun muna yara nake ce masa bawana, shi ma haka yake ce mini. Ni na bi allura, shi ya bi gadon gidansu, ginar rijiya da yasarta. Shi da ƙanensa Ada babu unguwar da ba a san su ba a Tawa: ɗaya ya shiga, ɗaya ya riƙe igiya. A sana'arsu mai shiga shi ke zaɓen mai riƙe masa, kuma ba a yi masa gardama, don ransa ne zai rataya.

Shekarar da anka ba mu mulkin kai Nomau ya bi samari zuwa Kurmi, ya yi dako a bakin teku. Ya dawo da rediyo da tabarau da abin da ba a aike shi ba: giya, da wasu ƙwayoyi farare da ƴan dako ke haɗiya don kada su ji gajiya. Da farko a ɓoye yake sha. Rannan ya riƙe wa Ada igiya da abin a kansa, igiya ta kuɓuce, Ada ya faɗa, ƙafarsa ta karye. Allah ya yi da sauran kwana, amma har yau yana ɗingishi. Ada bai zage shi ba, bai kai ƙara ba. Ya dai naɗe igiyar gidan ya kai ɗakinsa, ya nemi wani mai riƙe masa. Tun daga ranar ba wanda ya sake miƙa wa Nomau igiya a garin nan, ko ta ɗaure akuya. Shi kuwa sai ya daina ɓoye shan.

Gwaggo Hajo ce ta same ni a rumfa, ta zauna bisa tarin ƙyalle ba tare da na ce ta zauna ba. Ta ce, "Illa, kai kaɗai kake zaginshi shi yi dariya. Ka kai min shi inda za a yi mishi magani tun ina da rai." Ta faɗi haka tana kallon ƙasa, ni kuwa zuciyata ta karye.

Na iske shi bayan kasuwar dabbobi, kwance a inuwar katanga. Na shure shi da ƙafa na ce, "Tashi, bawana, ka raka maigidanka tahiya."

"Zuwa ina?"

"Neman maganinka."

Na yi zaton zai yi mini ba'a. Sai ya duba hannayensa suna rawa, ya ce, "In akwai shi, ina so. Wallahi na gaji, Illa."

Asibitin gari munka fara zuwa. Lokotoro, babban likitan, ya yi tafiya, sai anfirme, wato mai taimakonsa, wani mutumin Damagaram mai sanyin magana. Ya duba idon Nomau, ya danna masa ciki, ya yi masa allurar ƙarfin jiki. Ya ce, "Hanta ta fara kuka, amma ba ta lalace ba. Maganin da ke cire son abin nan daga zuciya kuwa babu shi cikin kabad ɗina. A Yamai akwai inda ake ajiye masu taɓin hankali, sai dai wannan ba mahaukaci ba ne." Ya gargaɗe ni kada in raba shi da abin lokaci guda ba tare da wanda ya san aikin ba, don rawar jikin da ke biyo baya tana iya kisa. Da ya rako mu ƙofa ya rage murya ya ce akwai wani tsohon soja gaba da Tebaram, Baba Gado, wanda shi kansa kwalba ta taɓa kayar da shi, ya tashi. Ya ce ya san mutanen da sunka je wurinsa sunka dawo da hankalinsu.

Gwaggo ta ce sai mun fara biyawa Bambai wurin wani malami da ta yarda da shi. Munka bi ƴan kasuwa, kayanmu bisa jakin wani mai albasa. Malamin dattijo ne mai gaskiya. Ya yi rubutu, Nomau ya sha, ya yi masa addu'a mai tsawo, sannan ya ce, "Wanga roƙon Allah ne, kuma Allah shina son a nema. Ku ci gaba da tahiyarku." Wani manomi ya sauke mu a zaurensa. Matarsa ta aiko da fura wadda ludayi ke tsayawa a cikinta, na sha har na kasa tashi sallar la'asar da wuri. Mu ƴan birni ruwa muke sha muna kiransa fura.

Da gari ya waye na nemi Nomau na rasa. Na zaga, na tambaya, sai can wata tunga bayan gonaki na same shi zaune gaban wata mai burkutu, ƙwarya a hannu. Jama'a, ni da na kwana a garin ban gano inda ake sayar da goro ba, shi hancinsa ya kai shi can! Raina ya ɓaci, na zazzage masa duk abin da ke cikina, har na ce da shi ne ya faɗa rijiya ranar nan, ba Ada ba, da an huta. Maganar na fita na so in maida ta. Nomau ya miƙe. Ya ajiye ƙwaryar, ya biyo ni, hawaye na bin gemunsa. Munka yi tafiya mai nisa kafin na miƙa masa ɓarin goro, ya karɓa.

Kamiyon, babbar motar kaya, da ke zuwa kasuwar Tebaram munka hau. Direban mutumin Maraɗi ne, bakinsa ba ya hutawa, duk ramin da ya faɗa sai ya ce laifin Nasara ne da sunka tafi ba su gyara hanya ba. Anka ɗora mu bisa buhunan kanwa, tsakanin wata tsohuwa mai kaji da wani ɗan akuya da ya cinye mini gefen malfa ina gyangyaɗi. Motar ta kafe a yashi har sau nawa, ban ƙirga ba. Kowane karo sai a ce maza su sauka su tura. A nan na ga abin da ya ba ni tausayi: Nomau yana rawar jiki, amma da ya karɓi shebur sai ka ga mutumin da ya san ƙasa, ya tona ƙarƙashin taya a inda ya dace, mota ta fita. Direba ya ce zai ɗauke shi aiki. Nomau ya yi murmushi ya koma bisa buhu ya kwanta.

A Tebaram ba mu sha wuyar tambaya ba. Mai naman da munka fara tsayawa wurinsa ya dubi Nomau sau ɗaya ya ce, "Wurin Baba Gado za ku." Ba da raini ya faɗa ba, kamar dai mai nuna hanyar masallaci. Ya haɗa mu da wani Buzu, Agali, mai komawa arewa da raƙumansa. Kada ku tambaye ni hawan raƙumi. Ya tashi da ƙafafun baya na rungume wuyansa ina salati, ya tashi da na gaba na kusa faɗowa ta wutsiya. Nomau ya yi dariya har ya shaƙe, ya ce, "Agali, ka yi haƙuri, bawan nan nawa bai taɓa hawan abin da ya wuce keken ɗinki ba."

Gaba kaɗan gonaki sunka ƙare, ba kara ba rumbu, sai ciyawa da ƙaya. A nan wasu gumiye, masu tsaron daji bisa raƙuma, sunka tare mu sunka tambayi takardar haraji da inda za mu. Da sunka ji sunan Baba Gado sai babbansu ya sauko ya ba Nomau hannu, ya ce, "Ku gaishe shi. Wana ya yi wata biyu a wurinshi." Gaisuwar mutanen can ba irin tamu ba ce. Ba a damƙe hannu, shafawa ake yi a janye, a sake shafawa, har ka rasa ranar gamawa. Namiji ba ya buɗe baki gaban baƙo, ko shayi zai sha sai ya shigar da kofin ƙarƙashin rawani. Mu da muke hangame baki muna tauna goro a tsakar kasuwa, ban san yadda suke ganinmu ba. Matar Agali ta ba mu cuku busasshe, na gwada shi da haƙorin gaba, har yanzu haƙorin bai yafe mini ba.

Tungar Baba Gado ba ta da girma: bukkoki kaɗan, tantunan fata, garken awaki, da rijiya mai zurfi wadda makiyaya ke shayarwa. Shi kansa gajere ne, baƙi, yana sanye da tsohuwar rigar soja da ta sha faci marar kyau, har hannuna ya yi ƙaiƙayi. Bai dube ni ba. Sai ya tambayi Nomau, "Kai ka zo, ko kawo ka anka yi?"

Nomau ya ce, "Rabin hanya an kawo ni, Baba. Rabi ni na zo."

"Ya isa." Sannan ya juyo gare ni. "Kai kuma, mai rakiya ba ya komawa. Tare kunka zo, tare za ku tahi."

Na ce ina da ɗinkin mutane, Salla na matsowa. Ya ce to in ɗauki ɗan'uwana mu koma tare, raƙumi bai yi nisa ba. Na zauna.

Kwanakin farko ba na so in tuna su. Nomau ya yi rawar jiki, ya yi gumi, ya yi amai, yana ganin tururuwa na hawan jikinsa alhali babu komai. Na ji tsoro ƙwarai, na ce na kawo ɗan gwaggo daji ya mutu. Baba Gado bai ɗaure shi ba, bai buge shi ba, bai ce aljanu ba ne. Yana dafa masa wasu saiwoyi masu ɗaci, yana ba shi nonon raƙumi da kunu kaɗan-kaɗan, kuma ba a taɓa barinsa shi kaɗai. In ba Baba ba ni, in ba ni ba wani Bafillace da ya riga mu zuwa, wanda ya fara samun sauƙi, yana riƙe masa kai yana cewa, "Ni ma na ga tururuwan nan, za su tahi."

Ana cikin haka gorona ya ƙare. Kai! Kaina ya yi kamar zai tsage, na yi faɗa da akuya, na yi faɗa da Bafillacen nan bawan Allah a kan ludayi. Baba Gado ya ce, "Ka ji ɗan ƙaramin naka? To ninka shi, ka sake ninkawa, shi ne na ɗan'uwanka." Sai ga murya daga tabarma, a raunane: "Baba, ka dafa wa bawana saiwar shi ma." Ranar na san Nomau zai tashi.

Da jikinsa ya dawo, kowace la'asar Baba yakan ja shi gindin wata aduwa su zauna su biyu. Ni ba a gayyata ta. Wani lokaci hira suke har da dariya. Rannan na je ɗebo itace na ji Nomau yana kuka yana kiran sunan Ada, Baba kuwa bai ce masa ya daina ba. Sauran yini kuma aiki ya ba shi: tufkar igiya da kaba. Ta farko ta fito a karkace, nan kauri nan siriri, Baba ya warware ya ce a sake. A hankali hannun ya daina rawa, igiya ta miƙe, ta yi tsawo har ana naɗe ta a gindin bukka.

Wata safiya Baba Gado ya kira ni gefe. Ya ce rijiya na son yasa, laka ta taru, guga ma ya faɗa. Na ce ai an yi dace, ga gwani a gida. Ya ce, "Ba shi zai shiga ba. Kai za ka shiga, shi riƙe maka, da igiyar da ya tufka."

Na yi dariya, na ga shi bai yi ba. Na ce, "Baba, dube ni hwa! Ni tela ne. Ko kan soro ban taɓa hawa ba."

Ya ce, "Nawa aikin ya ƙare. Jikinshi ya saki abin. Amma in ya koma garin da ba mai miƙa mishi igiya, kafin kaka zai koma kwalba, na sha gani. Kowa da abin da ya ɓata nake sallamarshi. Bafillacen can garken ubanshi ya watsar, ka ga awakina a hannunshi suke. Naka ɗan'uwan igiya ya saki, kuma ba a gwada igiya da buhun ƙasa, don mutanen Tawa ba za su tambayi buhu ba. Ban tilasta ka ba. Mai shiga shi ke zaɓe. Akwai waɗanda sunka ƙi, ban ga laifinsu ba."

Ban ci abincin rana ba. Na tuna matata da ƴaƴana, na tuna ƙafar Ada, na tuna ƙwaryar burkutun nan ta bayan Bambai. Gaskiya na yanke shawarar ƙi. Ina zaune sai ga Nomau ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya ce, "Kada ka shiga, Illa. Ni kaina ban yarda da hannun nan ba."

Ban san abin da ya taso mini ba, haushi ne ko ƙauna. Na miƙe na tuɓe riga na ce, "Tun yaushe bawa ke gaya wa maigidanshi abin da zai yi? Ɗauko igiyar!"

Makiyaya sunka taru suna kallo. Anka ɗaura mini igiya a ƙirji da cinyoyi, anka ratsa ta bisa itacen da ke gicciye a bakin rijiya. Baba ya tsayar da maza a baya don jawo ni in an gama, amma ya ce wajen sauka ba mai taɓa igiya sai Nomau. Na juya baya na zura ƙafa, ban dubi fuskarsa ba, don kada in ga tsoro a ciki.

Cikin rijiya sanyi ne da warin laka. Ina sauka ina karanta duk abin da na sani, har da wanda na manta tun makarantar allo. Na ɗaga kai na ga sama ta koma kamar bakin tulu. Igiya na tafiya sannu, ba fizga, ba gaggawa. Can tsakiya sai ta tsaya cik. Na rataya ina juyawa, na ce shi ke nan, hannun ya gaza. Sai ga muryarsa daga sama tana amsa-kuwwa: "Illa! Wai me kake ci a Tawa? Ban taɓa riƙe bawa mai nauyinka ba!" Na ɗaga murya na zage shi tun daga kakanninsa, waɗanda rabinsu nawa ne. Igiya ta ci gaba da sauka har ƙafata ta taɓa ruwa.

Na cika musu laka iyakar ƙarfina, na samo gugan da ya faɗa, har da takalmin wani Buzu ƙafa ɗaya. Da anka jawo ni na kwanta a ƙasa ina haki, baƙi ƙirin da laka, mata na guɗa. Sai da na tashi na ga Nomau yana kwance igiya daga jikinsa. Ashe zagaya ta ya yi a ƙugunsa, bisa fata, ta bi ta bayansa tana gurzarsa tun daga sama har ƙasa. Duk wurin ya saluɓe yana jini. Na ce, "Wace irin hauka ce wagga?" Ya ce, "In hannu ya saki, sai mu tahi tare." Na rungume shi da lakata da komai, na yi kuka gaban Buzaye, ban ji kunya ba.

Ranar sallama Baba Gado ya ce masa, "Ƙishirwar nan ba ta mutuwa, barci take yi. Ran da ka ji ta motsa kada ka ɓoye. Je rumfar telan nan ka zauna, in ta yi ƙarfi ka dawo nan, ba abin kunya ba ne." Ni kuma na zauna na warware facin rigar Baba na sake shi yadda ya kamata kafin mu hau raƙumi. Da munka iso Tawa munka biya asibiti, anfirme ya sake duba idon Nomau, ya ce ya riƙa zuwa ana ganinsa.

Masu zuwa rumfata su yi dariya suna da yawa, na gaya muku. Mutum ɗaya ne ya zo bai yi dariya ba, shi ne Ada. Ya jira har anka watse, ya jingina ƙafar nan tasa, ya ce, "Yaya Illa, har ƙasa ka kai?"

Na ce, "Har ƙasa."

"Shi kaɗai ya riƙe?"

"Shi kaɗai."

Ya juya ya tafi yana ɗingishi.

Ran kasuwar da ta wuce anka kira Ada yasar rijiyar unguwarmu. Na rufe rumfa na je, na iske Nomau tsaye can baya cikin ƴan kallo. Ada ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙirji. Mutumin da ya saba riƙe masa ya miƙo hannu, Ada ya wuce shi yana ɗingishi, ya ratsa jama'a har gaban wansa, ya miƙa masa bakin igiya. Nomau ya karɓa, ya ɗaga riga, ya fara zagaya ta a ƙugunsa, bisa tabon da bai gama warkewa ba.

Ada ya riƙe masa hannu ya ce, "Cire ta daga nan, yaya. Hannunka ya isa."